Sanin dangin haki da itace: jawabi ga makiyayan Madarumfa

 

Kun fi mu sanin daji, wannan ba gardama. Abin da muka kawo muku yau shi ne yadda masana suke raba tsirrai dangi-dangi, don mai bisa ya san abin da ke ƙosar da ita da abin da ke kashe ta.

Ku fara da ganye. In siriri ne dogo, jijiyoyinsa sun miƙe a jere, to dangin hatsi da dawa ne: ƙarangiya, kyasuwa, komayya, gamba. Irinsu in ya tsira, da kunne guda yake fitowa. Waɗannan su ke cika ciki. Amma ƙarangiya da kyasuwa shekara guda suke yi, in sun zubar da iri sun mutu. Gamba kuwa saiwarta tana nan da rai, tana tohowa tun ruwan farko. Shi ya sa muke roƙonku, wanda ya yanki gamba don zana kada ya tumɓuke gindinta.

In ganyen mai faɗi ne, jijiyoyinsa kamar raga, irin yana fitowa da kunne biyu, kamar wake. A cikinsu ku riƙe masu kwanso: wake, gyaɗa, gadagi, marak. Ku tuge gadagi guda ku duba saiwar, za ku ga ƴan ƙulle-ƙulle. A ciki akwai ƙwayoyin halitta masu jawo taki daga iska. Don haka harawa ta fi kara gina jiki da kawo nono. Gawo ma ɗan wannan gida ne, ku dubi ƴaƴansa. Yana kaɗe ganye da damina, ya fitar da shi da rani, daidai lokacin da ƙasa ta zama fayau. A sassabe reshe kaɗan, kada a yi masa aski.

Sai dai marak tana da hali. Saniya mai yunwa in ta afka mata ɗanya, da raɓa, a farkon damina, ciki yana kumbura ta gefen hagu, kafin a je neman likitan dabbobi ta tafi. Ku ba su busasshen haki tukuna, ku bari hantsi ya ɗaga kafin ku sake su. Gyauron dawa da duman kada na bakin tabkin Madarumfa da Gulbin Maradi su ma a kiyaye.

Ga kuma garmani. Ɗan'uwan auduga da kuɓewa ne, amma ɗanyensa bisashe ba su damu da shi ba. Inda aka yi kiwo ya wuce kima, nan yake mamayewa. Wanda ya bi burtali zuwa dajin Baban Rafi ya gani da idonsa: fili kore shar, shanu kuwa na kuka. A tuge shi tun bai yi iri ba, a haɗa kai gari da ruga, a watsa irin kyasuwa ko ƙarangiya a wurin.

Wanda zai yanki haki na ajiya, ya yanka cikin watan Satumba, yana fara fure, ya shanya a inuwa. Haken da kuka rasa danginsa, ku tugo shi da saiwarsa ku kawo ofishin kiwo mu duba tare.