CIWON GAƁOƁI, GARKUWAR JIKI DA GAƁAR ƘARFE: JAN HANKALI GA 'YAN UWANMU MA'AIKATAN MASANA'ANTU

Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiya a birnin Kano



GABATARWA

Ina godiya ga kwamitin shirye-shirye da ya ba ni wannan dama. Sanin kowa ne cewa da yawa daga cikin 'ya'yan garinmu da suka shigo Kano neman abinci, masana'antun Bompai da Sharada da Challawa ne suka karɓe su. Wasu sun shiga masaƙu, wasu majemu, wasu kamfanonin roba, wasu kuma suka kama dako a bakin ƙofa. Da guminsu aka gina gidaje a gida, aka biya kuɗin makarantar ƙanne. Yau da yawa daga cikin masana'antun nan sun rufe, samarin jiya sun zama dattawa, abin da ya rage wa wasunsu shi ne gwiwar da ba ta lanƙwasuwa da ƙugun da ke hana barci. Saboda su, da kuma 'ya'yanmu da ke bakin aiki a yanzu, na zaɓi in yi magana a kan ciwon gaɓoɓi, da abin da masana suka gano game da rawar da garkuwar jiki ke takawa a cikinsa, da kuma yadda jiki ke karɓar gaɓar ƙarfe idan an dasa masa.

CIWON DA MUKE KIRA SANYI

Mu Hausawa mun tara duk wani ciwon gaɓa mun sa masa suna sanyi ko amosani. A wurin likitoci kuwa iri-iri ne, kuma maganin wani ba ya yi wa wani. Uku daga ciki su suka fi shafar mu.

Na farko shi ne zaizayewar guringuntsi, wato wannan farin abu mai santsi da ke lulluɓe da kan ƙashi don kada ƙasusuwa su goga juna. Shekaru da ƙiba da tsohon rauni suna cinye shi, haka ma ɗaukar kaya masu nauyi da yawan tsugunno a bakin inji. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutum miliyan 528 ne ke fama da shi, kuma miliyan 365 daga cikinsu a gwiwa ne.

Na biyu shi ne wanda likitoci ke kira rumatoyid. Yakan fara da ƙananan gaɓoɓin yatsu da wuyan hannu, dama da hagu a lokaci guda, mutum ya tashi da safe hannunsa a sandare har tsawon sa'a ɗaya ko fiye. Hukumar ta ce mutum miliyan 18 ke ɗauke da shi a shekarar 2019, kuma kusan kashi 70 cikin 100 mata ne. Ke nan uwargidan da ta kasa matse wanki da safe tana bukatar likita ya duba ta, kafin a ce mata ragwanci take yi.

Na uku shi ne mutuwar kan ƙashin cinya saboda yankewar jinin da ke ciyar da shi. Wannan ya yi yawa a tsakanin masu amosanin jini, wato sikila, da kuma masu yawan shan wasu magunguna da zan ambata nan gaba. Shi ne ke gurgunta saurayi ɗan shekara ashirin da 'yan kai.

GARKUWAR JIKI DA AIKINTA

Duk wanda ya yi aiki a masana'anta ya san mai gadi a bakin ƙofa: mai katin shaida ya shige, marar kati ya tsaya. Haka jikin ɗan Adam yake da rundunar ƙwayoyin halitta da ke yawo a cikin jini da tsoka suna tantance ɗan gida da baƙo. A shekarar 1882 wani masani ɗan ƙasar Rasha mai suna Metchnikoff ya soka ƙaya a jikin wata 'yar ƙaramar halittar teku, ya wayi gari ya ga wasu ƙwayoyi sun yi wa ƙayar zobe suna ƙoƙarin haɗiye ta. Wannan bincike ya sa aka ba shi lambar yabo ta Nobel a shekarar 1908. Duk manomin da ƙaya ta taɓa karyewa a tafin ƙafarsa ya ga aikin waɗannan masu haɗiya: kumburi da zafi da mugunya alamun yaƙin da suke yi ne.

A ciwon rumatoyid, masu gadin ne ke rikicewa su far wa 'yan gida. Sai su kai hari ga fatar da ke lulluɓe da gaɓa daga ciki, ta kumbura, ta yi kauri, ta shiga cin guringuntsi da ƙashi. Masana sun gano cewa sau da yawa rikicin daga huhu yake somawa, shekaru kafin gaɓa ta fara ciwo. Shan taba sigari na kan gaba wajen haddasa shi, sai kuma ƙurar duwatsu. Tun a shekarar 1953 likita Anthony Caplan ya lura da alaƙar wannan ciwo da cutar huhu a tsakanin masu haƙar kwal a yankin Wales na Birtaniya. A shekarar 2016 kuma wani bincike da aka yi a ƙasar Maleshiya ya nuna cewa matan da ke aiki cikin ƙurar masaƙa sun fi sauran mata haɗarin kamuwa da shi. Wanda ya taɓa shiga ɗakin kaɗi a masaƙa ya ga auduga na tashi kamar hazo, ya san wannan magana da mu take.

Wani babban ci gaba ya zo a shekarar 1992, lokacin da Ravinder Maini da Marc Feldmann suka gwada wani sabon magani a birnin Landan. Sun gano cewa akwai wani sinadari mai suna TNF da ke zaman sanƙira a cikin rundunar, shi ke shelar yaƙi. Da suka toshe shi, sai kumburin ya lafa. Irin waɗannan magunguna suna da tsada, kuma sukan tayar da tarin fuka da ke kwance a jiki, don haka sai an yi gwaji kafin a fara su. Amma akwai tsohon magani mai sauƙin kuɗi, metotirekset, wanda likita ke bayarwa sau ɗaya a mako tare da gwajin jini, ba a kuma ba mai juna biyu. Idan aka fara shi a watannin farko na ciwon, yakan hana gaɓoɓi karkacewa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

A nan ya wajaba in yi gargaɗi a kan haɗin da ake saye a kemis ko a hannun masu talla a bakin kamfani. Sau da yawa akwai deksametason ko firedinisolon a ciki. Suna kwantar da ciwo nan take, shi ya sa ma'aikaci ke ganin ya dace. Amma shan su na dogon lokaci ba bisa umurnin likita ba yana raunana ƙashi, yana tayar da ciwon sukari da hawan jini, yana kuma iya kashe kan ƙashin cinya. Su kuma dikilofenak da ibufurofen, yawan shansu na jawo gyambon ciki da ciwon ƙoda.

GAƁAR ƘARFE DA ROBA

Idan gaɓa ta gama lalacewa, likitocin ƙashi sukan cire ta su dasa ta ƙarfe da roba, ko ta tangaran. Wanda ya kafa tubalin wannan aiki shi ne John Charnley, a asibitin Wrightington da ke Ingila. Da farko ya yi amfani da roba mai suna Teflon, ya dasa wa mutane kusan 300. Cikin 'yan shekaru ta zaizaye, garinta ya tayar da kumburi mai tsanani, dole ya sake yi wa marasa lafiyar tiyata. Don ya tabbatar da dalilin, sai da ya cusa garin robar a ƙarƙashin fatar cinyarsa, ya ga abin da ya biyo baya. A shekarar 1962 ya koma ga wata roba mai ƙarfi ƙirar Jamus da ake kira foliyetilin, wadda a lokacin ake yin kayan injinan saƙa da ita. Dangin ledar nan ce da ake sarrafawa a Sharada, sai dai ta fi ta tauri nesa ba kusa ba. Har yau da ita ake yin mafi yawan gaɓoɓin dashe.

Hausawa sun ce baƙo raɓa ne. Wannan baƙo kuwa ya zo zama ne, kuma masu gadi sun san ba shi da kati. Muddin yana nan cur a dunƙule, jiki yakan kewaye shi ya zauna da shi lafiya. Matsalar tana tasowa ne daga gogayya. Kowane taku da mutum ya yi, ƙarfe na goga roba, wani gari da ido ba ya gani yana zuba. Masu haɗiya su haɗiye shi, su kasa narkar da shi, sai su yi ta shelar neman ɗauki da TNF da makamantansa. Shi kuwa ƙashi, kullum a cikin gyara yake: akwai ƙwayoyi magina, akwai masu rusau. Wannan shela tana ƙara wa masu rusau ƙarfi, sai ƙashin da ke riƙe da dashen ya riƙa zagwanyewa a hankali har dashen ya fara girgiɗi. Sau da yawa mutum ba ya jin komai sai ɓarnar ta yi nisa, amma hoton ƙashi yana nuna ta da wuri.

Fahimtar wannan ce ta sa daga ƙarshen shekarun 1990 aka fito da roba mai jure gogayya fiye da ta da. An kuma gwada dashen da ƙarfe ke goga ƙarfe, sai aka tarar yana zubar da garin kobal da karomiyam mai lalata tsokar da ke kewaye. A shekarar 2010 kamfanin DePuy ya janye wani nau'in irin wannan dashe bayan an sa wa mutane kimanin 93,000 a duniya. Duk da haka aikin dashe na cikin tiyatar da ta fi nasara. Wani nazari da mujallar Lancet ta buga a shekarar 2019 ya nuna cewa kimanin kashi 58 cikin 100 na dashen ƙugu, da kashi 82 cikin 100 na cikakken dashen gwiwa, suna kaiwa shekara 25 suna aiki.

ABIN DA YA SHAFI MA'AIKATANMU

Karomiyam ɗin da na ambata ba baƙo ba ne ga mutanen Challawa da Sharada, domin da gishirinsa ake jeme fata a majemun zamani. Wasu ma'aikatan da suka daɗe suna taɓa shi, garkuwar jikinsu takan riƙe shi a matsayin abokin gaba, hannu ya riƙa ƙaiƙayi da tsagewa. Haka wasu mata ke samun ƙuraje daga ɗan kunne ko agogo saboda ƙarfen nikel. Mafi yawan masu wannan larura suna zaune lafiya da dashensu, amma wajibi ne mutum ya faɗa wa likita irin aikin da ya yi da yadda fatarsa ke yi da ƙarfe, domin akwai dashen taitaniyam da na tangaran da za a iya zaɓa.

Babban abin tsoro shi ne ƙwayoyin cuta. Idan suka samu ƙarfe a cikin jiki sukan manne masa su lulluɓe kansu da yauƙi, inda masu gadi da magani ke wahalar kai musu. Shi ya sa kafin tiyata ake son a yi maganin ruɓaɓɓen haƙori da gyambo, a daidaita sukari, a bar taba. Bayan tiyata kuma kada a bari a yi tsaga ko ƙaho ko allura a kan gaɓar. A bi umurnin masu gashin ƙashi, a tambayi likita game da tsugunno da zaman tabarma da yadda za a yi salla, a kuma riƙa komawa hoto ko da babu ciwo.

Ba sai an ƙetare teku ba. Asibitin Ƙashi na Ƙasa da ke Dala, wanda aka buɗe a shekarar 1959, yana yin dashen ƙugu da na gwiwa, ga kuma Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Abin da ke gagarar talaka shi ne kuɗin, domin magana ce ta miliyoyin Naira.

SHAWARWARI

1. Duk wanda gaɓarsa ta kumbura fiye da mako shida, ko yake tashi da sandarewar hannu, ya je asibiti ba tare da jinkiri ba.

2. Matasanmu da ke bakin aiki su riƙa sa takunkumin hanci da safar hannu, su nemi amalanke ko abokin ɗauka maimakon gwada ƙarfi da kaya.

3. Ƙungiya ta kafa kwamiti na lauyoyinmu da ma'aikatan lafiyarmu don wayar da kai a kan Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta shekarar 2010, wadda ta ɗora wa masu kamfanoni zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashi a asusun NSITF, kuma ta haɗa da cututtukan da aiki ke jawowa.

4. Rassa su taimaka wa dattawanmu su yi rajistar inshorar lafiya, wadda dokar shekarar 2022 ta wajabta ga kowane ɗan ƙasa. A Kano akwai hukumar taimakekeniyar lafiya ta KSCHMA.

5. A ware wani kaso na gudummawar shekara don masu bukatar dashe, a fara da matasa masu sikila, a kuma ƙarfafa gwajin jini kafin aure.

KAMMALAWA

Mai girma Shugaba, 'yan uwa, waɗanda suka tsaya a bakin inji shekara talatin don garinmu ya ci gaba suna da haƙƙi a kanmu yau da ƙafafunsu suka gaza. Ilimin na nan, asibitin na nan a cikin birnin da muke zaune. Saura mu kai su da wuri, mu kuma haɗa hannu wajen ɗaukar nauyin, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ina roƙon kwamitin zartarwa ya sa waɗannan shawarwari a cikin ajandar zamansa na gaba.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya mai da kowa gidansa lafiya.