Wuri: kuɗin da suka mutu

Jawabin yau a kan wuri ne.

Kowa a Arewa ya san wuri. Ana ganin shi ga kayan ƴan bori da na ƴan kokowa, daga Dogon Dutsi da Matankari har Tibiri. Amma mutane da yawa ba su san wuri dabba ce ba.

Wuri ɗan'uwan dodon koɗi ne, sai dai shi cikin ruwan gishiri na teku yake rayuwa. Abin da ake gani a hannu ɓawonsa ne.

Asalinsa tsibiran Maldib ne, cikin tekun Indiya. Mutanen can suna jefa ganyen kwakwa cikin ruwa. Dabbobin su manne a jiki. Sai a jawo ganyen, a shanya bisa rairayi. Naman ya ruɓe, a wanke ɓawon, a sayar.

Da farko raƙuma suka riƙa kawo shi ta hamada. Daga baya jiragen ruwan Turawa suka riƙa sauke shi bakin teku, fatake su hauro da shi.

Da wuri kakanni suka sayi gishiri, suka biya sadaki. Wuri 20.000 shi ne jaka guda, kayan ƙato ɗaya. A 1851, Bature Barth ya tarar ana canza riyalin azurfa guda da wuri 2.500 a Kano.

To, me ya kashe shi? Yawa. Wajen 1845 ƴan kasuwar Jamus suka fara kwaso wani irin wuri mai araha daga Zanzibar. Wuri ya cika kasuwanni, darajarsa ta faɗi. Da Faransawa suka zo, sai suka ce a biya haraji da tamma. Wanda ya bizne tukunyar wuri ya wayi gari da ɓawo kawai. Wanda ya ajiye hatsi da bisashe bai yi kuka ba.

Kuɗin takarda ma suna iya ragewa. A 1994 an rage rabin darajar sefa, kaya suka yi tsada.

Saboda haka, manomi ya yi hattara da kaka. Kada ya sayar da geronsa duka don ɗokin kuɗi, ya dawo yana sayen shi da tsada da bazara. A fara cika rumbu, a kai wani bankin cimaka, sannan a sayar da saura.

Allah ya ba da damina mai albarka.