Maganin Kaɗa Da Ruwan Shanmu

Jawabin malamin gona ga manoman kaɗa na ƙasar Gaya

Ni yaro ne a gabanku, ban zo koya muku riƙon hauya ba. Magana guda ce ta kawo ni, watau maganin da mu ke fesa wa kaɗa, da yadda ya ke shiga ruwan da mu ke sha.

Kun sani maganin nan dafi ne. Don haka ya ke kashe tsutsa. Amma fa dafi ba shi da ido. Bai san wannan tsutsa ce, wannan kifi ne, wannan ɗan mai gona ne ba.

Bara da damina na je kewaya wani ƙauye. Na tarar da kifi ya taso bisa tabki, ciki sama, yara suna ta kwasa suna murna. Da na bincika, ashe jiya da marece wani ya wanke famfon feshinsa a bakin tabkin. Da ƙyar muka karɓe kifin muka binne. Da na makara kaɗan, da an ci shi a tuwon dare.

Ta hanya huɗu dafin ya ke zuwa ruwa. Ta fari, wanke famfo da tufafin feshi a tabki ko bakin rijiya. Ta biyu, yin feshi hadari na tasowa, ruwan sama ya wanke ganye, ya gangara da maganin cikin korama, korama ta kai shi Kwara. Ta uku, dama magani a gindin rijiya, a tsoma guga da hannun da ya taɓa shi. Ta huɗu ita ce mafi muni: bidon da maganin ya ƙare, a ba yaro ya ɗebo ruwa, ko uwargida ta zuba mai ko nono. Roba ta kan sha dafi. Ko an wanke da sabulu sai ya rage.

Kada ku ce tatsuniya ce. A ƙetaren kogin nan, cikin ƙasar Borgu ta Benin, a noman 1999 zuwa 2000, mutum 37 suka mutu sabo da wani maganin kaɗa mai suna endosulfan. Da yawansu ba su taɓa famfo ba, ta baki ya shige su. A 2007 ƙasashen Sahel, har da Nijar, suka hana shi, a 2011 kuma ƙasashen duniya suka yarda a daina yinsa. Waɗanda a ke ba mu yanzu ma, irin su sifametirin, kaɗan daga cikinsu ya isa ya kashe kifin tabki. In kifi ya mutu masunci ya rasa, in shanu sun sha makiyayi ya rasa, mu kuma a rasa zaman lafiya da su.

Wani zai ce, ai sai in tafasa ruwan. Tafasawa ta kan kashe ƙwayar ciwon zawo, amma ba ta fid da dafin nan. Tacewa da ƙyalle ma haka. Rigakafi ya fi magani.

To, ga abin da na ke roƙonku:

1. Ku ɗebi ruwa ku kai gona, can za ku dama magani, nesa da rijiya da tabki.

2. In bido ya ƙare, ku zuba ruwa rubu'insa, ku girgiza, ku juye cikin famfo. Ku yi haka sau 3. Sa'an nan ku huda gindinsa, ku kawo mana shi.

3. Ku wanke famfo a gona, ku fesa ɗaurayen bisa kaɗa.

4. In hadari ya haɗu, ko iska na kaɗawa da ƙarfi, ku bar feshi sai gobe.

5. Ku bar ciyawa tsakanin kunya ta ƙarshe da bakin ruwa, kada ku nome ta. Ita ke tare abin da ya gangaro.

6. Kada ku sayi maganin kasuwa wanda ba takarda jikinsa.

In wani ya sha ruwa sa'an nan ya kama ciwon kai, da jiri, da amai, da dalalar miyau, ko jijjiga, kada ku ɗura masa nono ko mai, kada ku sa shi amai. Ku kai shi likita maza, ku tafi da bidon don a karanta sunan maganin. Ku kuma hana kowa ɗibar ruwan nan, ku aiko mini.

Iyayena, kuɗin kaɗa sau ɗaya a ke karɓa a shekara, amma rijiya kullum safiya a ke zuwa. Wanda ya iya karatu ya karanta wa mata takardar nan, don su ne masu ɗibar ruwa. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare mana zuriyarmu. Amin.