MACIZAI A CIKIN GARI: GARGAƊI GA MUTANEN KACHIA DA KAFANCHAN

Jama'a, mutane da yawa suna tsammanin maciji sai a daji. To, ba haka abin yake ba. Garuruwa kamar Kachia da Kafanchan suna ta faɗaɗa, ana gina gidaje a inda dā gonakin citta da dawa suke. Duk inda aka tara hatsi ko shara, ɓera zai zo. Inda ɓera ya je kuwa, maciji na biye da shi.

Akwai iri uku da ya wajaba kowa ya san kamanninsu. Na farko kububuwa. Gajeriya ce, da wuya ta wuce ƙafa 2, kuma in ta fusata sai ta naɗe tana goga jikinta, yana ƙara kamar zarto. Dafinta yana hana jini daskarewa, har wanda ta sara ya riƙa zubar da jini ta dasashi. Ita ce ta fi kashe mutane a Nijeriya. Na biyu kasa, mai kauri da faɗin kai, wadda kan kwanta a hanya ba ta motsi sai an taka ta. Na uku kumurci, baƙi, mai fasa kai. Shi ne mai shiga akurki da ɗakuna da dare, yana kuma iya tofa dafi a idon mutum daga nisan yadi 2.

Saboda haka a nome ciyawar bayan gida, a toshe ramuka, a nisanta itacen girki daga ɗakin kwana. Mai fita da dare ya sa takalmi, ya riƙe tocila. Manomin citta ya ɗaga ciyawar da ya rufe shuka da ita da sanda, kada ya cusa hannu.

Idan tsautsayi ya auku, kada a tsaga wurin, kada a tsotse, kada a ɗaure tamau. A cire zobe da munduwa, a hana gaɓar motsi, a ɗauki mutum zuwa babban asibiti nan take, domin allurar kashe dafi ita ce magani. Wanda kumurci ya tofa wa, a wanke masa ido da ruwa mai yawa kafin a tafi.

A shekarar 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa saran maciji cikin cututtukan da aka yi sakaci da su. Jinkiri shi ne ke kashe yawancin waɗanda aka sara. Allah ya kiyashe bayinsa, amin.