Sam Ervin: Lauyan Ƙauye Da Ya Titsiye Fadar Shugaban Amurka



In aka ce ɗan majalisa, yawancinmu mukan tuna da mai yin doka ne kawai: ya tashi ya yi jawabi, a jefa ƙuri'a, a watse. Amma akwai aiki na biyu wanda bai kasa na farko nauyi ba, watau sa ido a kan waɗanda aka danƙa wa dokar, a ga ko suna bin ta. Yau za mu duba yadda wani ɗan Majalisar Dattijai ta Amurka, Mista Sam Ervin, ya haɗa ayyukan nan biyu.

An haifi Ervin cikin 1896 a garin Morganton, a Jihar Karolina ta Arewa. Ya karanta shari'a a Jami'ar Harvard, ya kuma yi alƙalanci a Kotun Ƙoli ta jiharsu kafin ya shiga Majalisar Dattijai cikin 1954, inda ya shekara 20. Duk da wannan ilmi, yakan kira kansa "lauyan ƙauye".

Cikin 1961 aka ba shi shugabancin wani ƙaramin kwamiti mai lura da haƙƙin da tsarin mulki ya ba ɗan ƙasa. A nan ya fuskanci wata matsala wadda ba Amurka kaɗai ke fama da ita ba. A kan kama mutum biyu da zargi iri ɗaya, alƙali ya yanka musu kuɗin beli. Mai hali ya biya ya kwana a gida. Talaka kuwa ya zauna a kurkuku wata da watanni, ya rasa aikinsa, iyalinsa su tagayyara, alhali ba a tabbatar masa da laifin kome ba.

Ervin ya tsaya a kan dokoki uku don maganin wannan. Ta 1964 ta ce gwamnati ta biya lauyan da zai kare wanda ba shi da halin ɗauka. Ta 1966 ta ce in ba laifin da hukuncinsa kisa ne ba, a saki mutum bisa alkawarinsa na komowa kotu, sai fa in alƙali ya ga alkawarin bai isa ba. Ta 1974 kuwa ta ƙayyade wa'adi: daga ranar kamu zuwa ranar fara shari'a kada a wuce kwana 100, ban da jinkirin da doka ta yarda da shi. Dokokin nan kotunan Gwamnatin Tarayya kaɗai suka shafa, kuma cikin 1984 an gyara ta beli, aka ba alƙali ikon tsare wanda ake tsoron zai cuci jama'a. Amma tushensu yana nan.

To, wannan aikin doka ke nan. Na sa ido kuwa, cikin 1970 aka fallasa cewa rundunar soja tana tattara bayanai a asirce a kan farar hula masu zanga-zanga. Ervin ya kira manyan Ma'aikatar Tsaro gaban kwamitinsa cikin 1971 su yi bayani. Binciken ya taimaka wajen kafa wata doka cikin 1974, wadda ta ba ɗan ƙasa ikon ganin abin da ofisoshin gwamnati suka rubuta a kansa, ya kuma nemi a gyara in da kuskure.

Sa'an nan allura ta tono garma. Ran 17 ga watan Yuni, 1972, aka kama mutum biyar sun fasa ofishin Jam'iyyar Dimokarat a ginin Watergate, a birnin Washinton. Cikin Fabrairu na 1973 Majalisar Dattijai ta kafa kwamitin mutum bakwai ya bincika, da ƙuri'a 77, ba wanda ya ƙi. Aka ba Ervin shugabanci, gama tsohon alƙali ne, ba ya kuma kwaɗayin kujerar shugaban ƙasa, balle a ce yana gyara wa kansa hanya.

Da farko Shugaba Nixon ya ce mashawartansa ba za su ba da shaida a fili ba. Ervin ya amsa cewa ma'aikatan fada ba sarakuna ba ne, wanda duk ya ƙi amsa sammaci zai nemi majalisa ta sa a kamo shi. Nixon ya janye. Aka fara zama ran 17 ga watan Mayu, miliyoyin mutane suna kallo a talabijin. Ran 16 ga watan Yuli wani tsohon ma'aikacin fada, Alexander Butterfield, ya bayyana cewa akwai na'urar ɗaukar magana a ɓoye a ofishin Shugaban.

Kwamitin ya nemi faya-fayan, aka hana shi, ya kai ƙara bai yi nasara ba. Amma ya riga ya nuna inda gaskiya take kwance. Lauyan gwamnati na musamman ya bi sawu har Kotun Ƙoli, wadda ran 24 ga watan Yuli, 1974, ta umurci Shugaban ya miƙa su, alƙalai takwas baki ɗaya. Ran 9 ga watan Agusta Nixon ya sauka daga mulki.

Sai dai ɗan Adam tara yake, bai cika goma ba. Wannan mutum da ya kare haƙƙin ɗan kurkuku, shi ne ya sa hannu a takardar da 'yan majalisar Kudu suka fitar cikin 1956 ta ƙin haɗa 'ya'yan baƙar fata da na Turawa a makaranta ɗaya. Ya ƙi dokar hana wariyar launi ta 1964, da ta kare ƙuri'ar baƙar fata ta 1965. Hujjarsa ita ce Gwamnatin Tarayya tana shiga hurumin jihohi. Amma da an bi ta tasa, da miliyoyin mutane sun daɗa jiran haƙƙinsu.

Saboda haka ƙasa ba ta jingina da kirkin mutum ɗaya, kome gwanintarsa. Ervin ya rasu cikin 1985. Abin da ya bari mai amfani shi ne ƙa'ida guda, cewa dokar da ke hana a manta da talaka a kurkuku, ita ce ke tilasta wa mai mulki ya amsa tambaya. Wanda duk zai auna wakilinsa, a kowace ƙasa yake zaune, sai ya tambaya: wace doka ya gyara, wa kuma ya kira ya yi bayani?