Ba Kowace Shawara Ce Ta Saiwa Ba

Jawabin da aka gabatar wa fastoci, dattawan ikilisiya da matan zumunta a Wudil

 

An ce mu yi magana a kan ziyarar marasa lafiya. Muna neman izininku mu taƙaita ta a kan ciwo guda ɗaya, domin wani abu da ya same mu bara, wanda har yanzu bai bar zuciyarmu ba.

Wani dattijo a ɗaya daga cikin ikilisiyoyinmu na ƙauye, manomi mai shekara sittin da 'yan kai, ya fara kukan ciwon ciki da ke zagayawa har gadon baya. Ya je kemis, aka ce olsa ce. Bai ji sauƙi ba, aka yi gwaji aka ce taifot, ya sha magani zubi uku. Yana ta rama, wandonsa na faɗuwa. Da idanunsa suka yi rawaya, kowa ya ce shawara ce, aka shiga jiƙa saiwa da sassaƙe. Mu kuma muka je muka yi addu'a, muka sa azumin kwana uku, muka koma gida da tunanin mun sauke nauyi. Sai bayan wata biyar aka ɗauki hoton cikinsa a Kano, likita ya ce ciwon daji ne na pankiriyas, ya kuma riga ya kai ga hanta. Mako bakwai bayan haka muka binne shi. Ba mu ce da an kai shi da wuri lalle zai rayu ba, gama wannan ciwo mai wuya ne ƙwarai. Amma wata biyar ɗin nan a gabanmu suka wuce, sau da yawa muna zaune a bakin tabarmarsa, ba wanda ya ce a tashi a tafi asibiti. A makarantar tauhidi an koya mana yadda ake ta'azantar da mai ciwo, ba a koya mana irin rawayar ido da ba ta jira ba. Shi ya sa muka zauna da likitoci da nas-nas 'ya'yan ikilisiya, muka kuma yi karatu, ga abin da muka samo.

Pankiriyas wata tsoka ce mai tsawon kamar santimita 15, tana kwance a gicciye can bayan tumbi, kusa da ƙashin baya. Aikinta biyu ne. Tana fitar da ruwan da ke narka abinci, musamman mai maiƙo, tana kuma fitar da insulin wanda ke daidaita suga a jini. Domin tana ɓoye a can ciki, ƙari yakan daɗe yana girma hannu bai taɓa shi ba, ido bai gan shi ba. Cikin mutum goma da aka gano musu wannan ciwo, kusan takwas an riga an makara, ba za a iya cire shi da tiyata ba. Ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2022 ta nuna mutum sama da 500,000 ne suka kamu da shi a shekarar, kusan 467,000 kuma suka mutu. Ko a Amurka, inda suke da kayan aiki, mutum 13 ne kawai cikin 100 ke kai shekara biyar bayan an gano shi.

To, yaya za mu gane? A nan muke so mu ɗan dakata, domin wannan ne rabonmu mu masu shiga gidaje. Mafi yawan ƙarin yakan fito ne a kan pankiriyas, daidai inda bututun matsarmama ke ratsawa zuwa hanji. Idan ƙarin ya danne bututun, ruwan ɗacin ba shi da hanya, sai ya koma cikin jini. Ido ya yi rawaya, fitsari ya yi duhu kamar shayi mai kauri, bayan gida ya yi fari-fari yana ƙyallin mai, jiki kuma ya kama ƙaiƙayi har mutum ya hana kansa barci da susa. Sau da yawa babu zazzaɓi. Mun sani a ƙasarmu abubuwa da yawa suna kawo shawara: ciwon hanta, amosanin jini, zazzaɓin cizon sauro mai tsanani. Amma shawara a jikin babba wanda ya haura hamsin, tare da rama da farin bayan gida da ƙaiƙayi, alama ce ta toshewa, saiwa kuwa ba ta buɗe bututun da ƙari ya danne. Haka kuma ciwon saman ciki da ke sukan baya, wanda ke ƙaruwa in an kwanta rigingine, ya lafa in an sunkuya gaba. Haka kuma dattijon da ba shi da ƙiba, suga ya bayyana masa kwatsam yana kuma ramewa. Yawancin masu suga ba su da wannan ciwo, kada mu tsorata iyayenmu, amma ya kamata a gaya wa likita waɗannan abubuwa tare, ba ɗaya yau ɗaya wata mai zuwa ba.

Shan taba yana ninka haɗarin kusan sau biyu. Giya mai yawa, har da burkutu, tana ƙona pankiriyas shekara da shekaru, wannan ƙunar kuma tana share wa ciwon hanya. Kamar kashi 10 cikin 100 gado ne, saboda haka gidan da mutum biyu suka yi shi, ko aka yi ta fama da sankarar mama da ta ƙwan mace, su faɗa wa likita.

Gwajin farko ba ya bukatar tafiya mai nisa. A fara da Babban Asibitin Wudil, a yi gwajin jini na hanta, a nemi hoton ciki irin wanda ake yi wa masu juna biyu. Wannan hoto yakan nuna ko bututun ya kumbura, amma iskar hanji takan rufe pankiriyas, saboda haka in an ce ba a ga kome ba alhali alamun suna nan, magana ba ta ƙare ba. A karɓi takardar turawa zuwa Kano, tafiyar kilomita 40 ce da 'yan kai, Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ko Asibitin Murtala. Hoton da ke raba gardama shi ne na CT, wanda ake yi bayan an sa wa mutum wani ruwa ta jijiya. Shi ke nuna girman ƙarin, ko ya naɗe manyan jijiyoyin jini, ko ya bazu. Akwai gwajin jini da ake kira CA 19-9, amma shi kaɗai ba ya tabbatar da kome: toshewar bututu kawai tana iya ɗaga shi, wasu kuma jikinsu ba ya yin sa ko suna da ciwon. Wani lokaci sai an tsakuro 'yar tsoka da allura an duba. Kada iyali su hana wannan, gama har tarin fuka yakan sauka a pankiriyas ya yi kama da daji, shi kuwa yana warkewa da magani.

Wannan ya kawo mu ga abin da ya fi ba mu mamaki. Ba kowane ƙari a pankiriyas ba ne mugun nan. Kashi 90 cikin 100 ko fiye shi ne, amma akwai wasu masu tafiyar hawainiya. Irinsu ne ya kama Steve Jobs, mai kamfanin Apple, a 2003. Ya jinkirta tiyata wata tara yana gwada abinci na musamman, aka yi masa a 2004, ya rayu har 2011. Akwai wani ƙaramin ƙari mai suna insulinoma da ke zuba insulin ba ƙaƙƙautawa. Sugan mutum sai ya faɗi ƙasa, musamman da asuba ko in yana azumi, ya yi gumi, ya rikice, ya yi sambatu, har ya faɗi yana shure-shure. 'Yan'uwa fastoci, mu faɗi gaskiya, in an kawo mana irin wannan me za mu ce? Za mu ce aljani ne ko farfaɗiya, wataƙila ma mu ƙara masa azumi, wanda shi ne abin da zai iya kashe shi. Alhali in an ba shi ruwan suga yakan dawo hayyacinsa cikin 'yan mintoci, tara cikin goma na irin wannan ƙari kuma ba daji ba ne, tiyata tana warkar da shi sarai. Akwai kuma wani da ya fi kama 'yan mata da matasan mata, shi ma yawanci in an cire shi ke nan.

Ga mugun kuwa, tiyata ce kaɗai ke ba da begen warkewa. Ana kiranta da sunan Allen Whipple, likitan da ya bayyana ta a birnin New York a 1935. Ana cire kan pankiriyas, da farkon ƙaramin hanji, da jakar matsarmama, da sashin bututun, wani lokaci har da gefen tumbi, sa'an nan a sake ɗinke hanyoyin. Aiki ne na awoyi da yawa, na manyan asibitoci, ba laifi ba ne kuma iyali su tambayi likita cikin ladabi sau nawa ake yin sa a wurinsu. Bayansa akan bi da allurar kashe ƙwayoyin daji, wato kemoterafi, har kamar wata shida. Inda ciwon ya bazu, kemoterafi tana ƙara kwana ne kawai. A wani bincike na Faransa da aka buga a 2011, haɗin magani mai ƙarfi da ake kira FOLFIRINOX ya ba da kimanin wata 11, tsohon maganin gemcitabine kuma wata 7. Wani zai ce wata huɗu ai ba kome ba ne. Ga mai son ya ga auren 'yarsa, kome ne. Amma ga iyalin da za su sayar da gona ɗaya tilo da shanun noma a kasuwar Juma'a, tambaya ce da ya kamata a zauna a yi da likita ido da ido, mai ciwon yana wurin.

Mun ce yana wurin, domin al'adarmu ita ce a ja babban ɗa gefe a gaya masa, a bar mai ciwo da "za ka ji sauƙi, Baba". Mu ma mun yi haka. Dattijon nan ya tafi bai raba gonarsa ba, bai shirya da ƙanensa da suka yi shekara ba sa magana ba. Fasto Tim Keller na Amurka, wanda wasunmu suka karanta littattafansa, an gano masa wannan ciwo a 2020, ya sanar da jama'a da bakinsa, ya karɓi magani, ya ci gaba da rubutu har rasuwarsa a watan Mayu 2023. Ba wanda ya ce bangaskiyarsa ta kāsa domin ya kira ciwon da sunansa.

Ko da ba za a warke ba, akwai abin yi da yawa. Ana iya sa ɗan bututu, ko a yi ƙaramar tiyata ta kewaye wurin da ya toshe, shawarar ta sauka, ƙaiƙayin ya tafi, mutum ya iya cin tuwo. Akwai ƙwayoyin narka abinci da ake haɗiya tare da loma, masu rage zawo da rama. Akwai kuma mofin na sha domin zafin ciwo. Wasu iyalai suna tsoronsa saboda abin da ƙwaya ta yi wa matasanmu, amma mofin da likita ya rubuta wa mai ciwon daji dabam ne da shaye-shaye. A tambaye shi a asibitin koyarwa, kada a bar uwa tana nishi har gari ya waye.

Saura maganar kuɗi. Asusun tallafin masu ciwon daji da gwamnatin tarayya ta fara a 2021 ya soma ne da sankarar mama, ta bakin mahaifa da ta mafitsarar maza, saboda haka kada a ɗora dukan bege a kansa. Dokar inshorar lafiya ta ƙasa ta 2022 tana nan, Jihar Kano kuma tana da hukumarta ta KSCHMA. A yi rajista tun ana lafiya. Ikilisiyoyinmu ƙanana ne, baikon Lahadi ɗaya ba zai biya hoton CT ba. Na dattijon nan, rabin kuɗin daga 'yan'uwansa Musulmi ya fito, muna kuma gode musu. Roƙonmu ga kwamiti shi ne a ware asusu ɗaya na dukan ikilisiyoyin yankin, domin kuɗin mota zuwa Kano da hoton farko kaɗai, kada a taɓa shi domin wani abu dabam.

Kafin a tashi cin abinci, kowace ikilisiya ta ba sakatare sunan nas ko ma'aikacin lafiya ɗaya da za a riƙa kira ya raka masu ziyara. Ikilisiyar da ba ta da kowa ta faɗa, za a haɗa ta da maƙwabciyarta.