YAFIYA DAGA GIDA TAKE FARAWA

Wannan shi ne jawabin da Editanmu ya yi wa ɗaliban ajin yaƙi da jahilci a ranar da suka karɓi takardun shaidarsu. Mun buga shi domin amfanin masu karatu.



An ce in yi magana a kan zaman iyali da yafe wa juna. Zan fara da labarin wani abu da ya faru da gaske a ƙasar Amurka a shekarar 2006.

A jihar Fensilbaniya akwai wasu manoma mabiya addinin Kirista da ake kira Amish. Kakanninsu sun zo daga Turai fiye da shekara 200 da suka wuce. Da dawaki suke huɗa. Keken doki suke hawa zuwa kasuwa. Ba sa jawo wutar lantarki zuwa gidajensu. Idan ɗakin dabbobin wani ya ƙone, sai su yi gayya su gina masa sabo. Idan iyaye suka tsufa, ana yi musu ɗan sashe a jikin gidan 'ya'yansu, su zauna tare da jikoki.

Ranar 2 ga Oktoba, 2006, wani mutum ya shiga makarantar 'ya'yansu mai aji ɗaya a ƙauyen Nikel Mains. Ya harbi 'yan mata 10 masu shekara 6 zuwa 13. Biyar suka rasu. Sannan ya kashe kansa. Mutumin ba ɗan Amish ba ne, amma sun san shi. Direban motar madara ne da yake bi gonakinsu yana ɗaukar madarar shanu. Ya bar mata da 'ya'ya 3. A takardar da ya bari, ya ce yana fushi da Allah saboda jaririyarsa da ta rasu shekara 9 kafin nan. Shekara 9 yana riƙe da abin a zuciya, har ya kai shi ga wannan mugun aiki.

To, me manoman nan suka yi? A ranar da abin ya faru, wasu daga cikinsu suka tafi wurin iyalin mutumin. Suka yi musu ta'aziyya. Suka ce ba su riƙe su da komai ba. Ranar jana'izarsa, kimanin rabin waɗanda suka halarta 'yan Amish ne, har da waɗanda suka binne 'ya'yansu a makon nan. Jama'a daga ko'ina suka aiko da taimakon kuɗi fiye da dala miliyan 4. Kwamitin da ya kula da kuɗin ya ba matar mutumin wani kaso don ta riƙe marayunta.

Alherin nan bai faɗi ƙasa banza ba. Ɗaya daga cikin yaran da aka harba ta rayu da mummunan rauni a ka, ba ta tafiya, ba ta magana. Mahaifiyar direban ta riƙa zuwa gidansu kowane mako, shekara da shekaru. Tana yi mata wanka, tana karanta mata littafi.

'Yan'uwa, mutane da yawa sun yi mamaki. Wasu ma sun ce an yi saurin yafewa. Amma su manoman sun bayyana cewa yafewar ba ta ɗauke musu baƙin ciki ba. Sun yi kuka kamar kowa. Kwana 10 bayan abin, aka rushe makarantar don kada ta riƙa tuna wa yara. Aka gina wata, aka buɗe ta a watan Afrilu, 2007. Wasu iyayen sun ce kowace safiya sai sun sake yafewa.

Ina suka sami wannan ƙarfin zuciya? Daga koyarwar addininsu, da kuma sabo tun daga gida. A Littafi Mai Tsarki, cikin Matiyu sura 18, Bitrus ya tambayi Yesu Almasihu ko sau 7 ya isa mutum ya yafe wa ɗan'uwansa. Amsar da ya samu ta kai 7 sau 70. Ku da kuka koyi lissafi kun san 490 ke nan. Manufar ita ce a daina ƙirga laifi. Akwai kuma Addu'ar Ubangiji, wadda suke yi kullum tun suna yara. A cikinta mai roƙo yana haɗa gafarar da yake nema wurin Allah da gafarar da yake yi wa mutane. Sau 2 a shekara suke cin Jibin Ubangiji. Kafin ranar, sai a yi taro a tambayi kowa ko yana zaman lafiya da 'yan'uwansa. Idan akwai rigimar da ba a sasanta ba, ana iya ɗage jibin.

Kun ga ke nan sun saba yafe ƙananan laifuka a tsakanin miji da mata, wa da ƙane, maƙwabci da maƙwabci. Da babbar masifa ta zo, ta same su da shiri.

Yanzu mu dubi kanmu. Yawancinmu ba wanda ya yi mana irin wannan ɓarna. Abin da yake raba mu da danginmu bai wuce iyakar gona ba, ko rabon gado, ko bashin buhun dawa, ko wata magana da aka faɗa a gidan biki. Harshe da haƙori ma sukan saɓa. Amma sai ka ga wa da ƙane sun shekara 10 ba sa gaisawa. 'Ya'yansu sun tashi ba su san juna ba. Ranar da ɗaya ya rasu, sai ɗayan ya zo yana kuka a bakin kabari, alhali lokacin sulhu ya wuce. Wani kuma yana da fara'a a kasuwa da majalisa, amma da ya shiga gida sai ya murtuke fuska. Iyalinka su ne suka fi cancantar haƙurinka da lokacinka. Su ne za su yi jinyarka idan ka kwanta.

A lura, yafewa ba ta hana a bi haƙƙi. Idan an cuci maraya, ko ana dukan mace, a kai magana gaban manya ko hukuma. Abin da ake so a cire shi ne ƙullin da ke zuciya da niyyar ramuwa.

Ga aikin gida da zan ba ku. Yau kun iya riƙe alƙalami. Kowa ya tuna da ɗan'uwa ɗaya da suka ɓata. Idan yana kusa, ka taka ka je, domin zumunta a ƙafa take. Idan yana nesa, ka rubuta masa wasiƙa da hannunka, ko da layi 3 ne. Ka gaishe shi, ka tambayi iyalinsa, ka ce abin da ya wuce ya wuce. Idan kai ne da laifi, ka nemi gafara. Kada ka jira shi ya fara, kada kuma ka bari wannan wata ya ƙare ba ka yi ba.

Allah Ya ba mu zaman lafiya a gidajenmu, Ya kai kowa gida lafiya.